Tambayi Injiniya: Ramukan Titunan Legas

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da ruwa ya sauka, kusan duk wasiƙar da ta iso wannan fili maganarta ɗaya ce: ramukan titi. Daga Agege, daga Mile 12, daga Apapa da Alaba Rago, kowa da irin asarar da rami ya jawo masa. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Kamar yadda muka saba, na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunaye.

TAMBAYA: Injiniya, ni direban tasi ne, ina lodi tsakanin Agege da Oshodi. Akwai wani rami a hanyarmu da aka yi wa faci bara da rani. Bana ko wata ba a yi da fara ruwa ba ya dawo, har ya fi da girma. A tasha ana cewa kwaltar jabu ake zubawa. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani direba, Agege.

AMSA: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Kwalta mara kyau tana nan, ban musa ba. Amma idan rami ya dawo daidai inda yake, shekara bayan shekara, ni ba kwaltar nake fara tuhuma ba. Ruwa nake nema.

Baƙin abin nan da kake takawa shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren titi. A babban titi kaurinsa bai cika wuce santimita 10 ba, a ƙananan layuka ma bai kai haka ba. Ƙarƙashinsa akwai fasasshen dutse da aka danne da rola, ƙarƙashin dutsen akwai marmara ko yashi, sannan ƙasar wurin ta asali. Waɗannan na ƙasa su ne ke ɗaukar nauyi. Babban aikin kwalta shi ne ta ba taya wurin bi, ta kuma rufe na ƙasa kada ruwa ya taɓa su. Wani mutumin Sikotilan, John McAdam, ya gane haka tun farkon ƙarni na 19: ƙasa busasshiya tana iya ɗaukar kaya, jiƙaƙƙiya ba ta iyawa. Har yau a kan wannan ake gina hanya.

Ga yadda rami ke farawa. Rana tana gasa kwalta shekara da shekaru har man da ke cikinta ya bushe, ta yi tauri, ta daina lanƙwasa. Duk babbar motar da ta wuce sai titin ya ɗan lotsa ya dawo, ko da ido bai gani ba. Yau da gobe sai tsaga ta bayyana, siririya tukuna, daga baya ta yi rassa ta haɗe gida-gida, irin wadda mu a wurin aiki muke ce wa fatar kada. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama ya bi tsagar ya sauka cikin dutse da marmara. Taya ta taka, ta matse ruwan da ƙarfi, ya nemi hanyar fita, ya fito ɗauke da ƙasa. Ka tsaya gefen titi bayan an ɗauke ruwa, ka zuba wa tsagar ido lokacin da tirela ta taka ta. Za ka ga jan ruwa yana tsartuwa daga ciki. Marmarar titin ce ke fita a idonka. Kwana kaɗan ƙarƙashin kwaltar ya zama fanko, ta rufta, taya ta riƙa ɓamɓare gefen tana watsarwa. Ruwa kuma yana da wata ɓarnar: in ya daɗe kwance, yana shiga tsakanin man kwalta da tsakuwa ya raba su, shi ya sa kake ganin tsakuwa tsirara a warwatse bakin rami.

Legas kuwa ta haɗa duk abin da ke taimakon wannan ɓarna. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma yana zuwa ne kashi biyu: daga Afirilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangara, ga teku ga tafki, ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai. Akwai unguwannin da in ka haƙa mita ɗaya za ka tarar da ruwa. Titin da aka ɗora a irin wannan wuri, ransa yana hannun kwatar da ke gefensa.

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san zancen. Kafin damina ake hawa a yi yaɓe, a toshe tsaga, a share indararo. In indararo ya toshe, ruwa ya kwana a kan rufin, komai kyawun azara sai ta ruɓe, kuma ba wanda zai ce laifin maginin ne. Shi ya sa ake yi wa titi ɗan tudu a tsakiya, gangarar kamar santimita biyu da rabi a kowace mita, don ruwa ya sulale ya faɗa kwata. Idan kwatar ta cika da yashi da leda da robobin ruwa, ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikin titin.

Na taɓa tsayawa a kan irin facin da kake magana, a wani layi da ake ta gyarawa yana lalacewa. Da lebura ya kafa diga ya ɗaga kwaltar, dutsen da ya kamata ya yi ƙara a bakin shebur sai ya fito shiru, caɓe da taɓo. Na damƙi ƙasar na matse, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsuna, alhali ba a yi ruwa ba a makon. Muka bi sawun damshin har zuwa wani kwalbati da ke gaba kaɗan. Tsohuwar katifa ce ta tokare bakinsa, yashi ya taru a bayanta ya cika shi taf. Da aka fitar da ita aka yashe kwalbatin, aka kwashe ruɓaɓɓen dutsen aka zuba sabo, wurin ya zauna lafiya.

Saboda haka, Malam, ka yi mini aiki ɗaya. Ran da aka yi ruwa, ka duba ramin nan awa biyu ko uku bayan an ɗauke. In ka ga ruwa kwance a gefen titin, ko kwata cike ba ta gudu, ko bututun ruwa na yoyo kusa, ka gano mai laifin. Faci sau goma ba zai tsaya a wurin ba sai an ba ruwan hanya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direban tirela ne, ina ɗauko kaya daga Apapa zuwa Arewa. Kullum a rediyo mu ake zagi, wai mu muka kashe tituna. Ai ƙananan motoci sun ninka mu yawa sau ɗari. Wannan ba zalunci ba ne? Daga wani Alhaji, Marine Beach.

AMSA: Alhaji, zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, sannan in faɗi inda ake zaluntarku, don akwai shi.

Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a Amurka, a jihar Illinois. Aka gina hanyoyi masu kauri daban-daban, aka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su dare da rana, ana auna lalacewarsu. Abin da aka gano shi injiniyoyin duniya ke aiki da shi har yau. Ɓarnar da mota ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta, tana tsere masa ne nesa ba kusa ba. Idan ka ninka nauyin da ke kan aksil guda, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, sau biyu, ɓarnar ba ta ninkuwa sau biyu. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu ake lissafawa, wato sau 16. Ƙaramar mota ba ta ɗora fiye da tan ɗaya a kan aksil. Naka aksil ɗin in yana ɗauke da tan 10, wucewarsa sau ɗaya tana daidai da wucewar na ƙaramar mota kusan sau 10,000. Ka ga yawan ƙananan motoci bai shiga lissafi ba. In za a zana titi, manyan motoci ake ƙirgawa, tasi da danfo ko kallonsu ba a cika yi ba.

Wannan ba laifi ba ne a kansa, ai don ku aka yi hanyar. Laifin yana wajen obalodi. Aksil da ya kamata ya ɗauki tan 10, aka ɗora masa 13, ƙarin da kai za ka ga bai taka kara ya karya ba, ɓarnarsa ta kusa ninkuwa uku. Titin da aka zana ya yi shekara 20 sai ya mutu kafin ya kai takwas. Ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar tan 11.5 a kan aksil guda, amma kai ma shaida ne kan sau nawa aka taɓa hawar da kai sikeli tsakanin Legas da Kano. Akwai kuma abin da wasu abokan aikinka ke yi, su ɗage aksil ɗaya sama don tattalin taya alhali mota na cike. Tan 30 a kan aksil uku da tan 30 a kan aksil biyu ba ɗaya ba ne. Na biyun ya fi na farkon ɓarna fiye da sau uku. Wannan kam a hannun direba yake, ina roƙo a daina.

Sai tsayuwa. Kwalta ta fi jure motar da ke gudu a kan wadda ke tsaye ko rarrafe. In rana ta yi zafi tana laushi, nauyi ya zauna a kanta awa da awanni, sai ta gudu gefe, sawun taya ya zama kwari mai tsawo. Wannan kwarin shi ke tare ruwa da damina. Ga man gas da baƙin mai da ke ɗiga daga injin. Man kwalta daga ɗanyen mai aka samo shi, gas yana narkar da shi. Duk inda manyan motoci ke kwana ko bakanike ke aiki a kan titi, ka taɓa kwaltar da ƙafa za ka ji ta yi taushi tana marmashewa.

Yanzu ga inda nake tare da kai. Ba direba ke yanke yawan kayan da za a loda ba, mai kaya da mai mota ne, direban da ya ƙi kuwa gobe wani ke riƙe da makullin. Ba direba ya zaɓi ya yi kwanaki a layi kan gadar Ijora ba, rashin wurin ajiye motoci ne ya jawo haka shekaru da dama, kafin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin kiran motoci na Eto a 2021. Kuma kayan da suke fita daga Apapa da Tin Can, da man da tankoki ke kwasa, da yawansu aikin jirgin ƙasa da bututu ne aka jibga wa titi. Layin dogon Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ya shiga har cikin tashar Apapa. Duk kwantenar da ta hau jirgi, titi ya huta da ita. Ni a ganina, a kafa sikeli a bakin tasha da bakin masana'anta, inda ake lodin, a ci tarar wanda ya loda. Tare direba a tsakiyar daji a karɓi na goro a sake shi ba ya rage ko kilo ɗaya daga kan aksil.

TAMBAYA: Injiniya, ina sayar da abinci kusa da kasuwar Mile 12. Layinmu ya lalace har masu kawo mana kaya sun ƙara kuɗi. Samari suna zuba ɓaraguzan gini a ramukan suna karɓar kuɗi wajen direbobi. Mu matan layin mun yi adashi muna so mu gyara da kanmu. Ta ina za mu fara? Daga wata Hajiya, Ketu.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a nema. Shawarata ta farko, kada ku fara kashe kuɗin nan a kan ramin. Ku fara da kwata. Ku ɗauki lebura su yashe ta tun daga farkon layin har inda take zubawa, kuma abin da aka kwaso a ɗauke shi a ranar. Sau da yawa nakan ga an yashe kwata an tara dattin a bakinta, ruwan farko ya mayar da shi ciki. Ku duba kuma ko wani ya toshe ta da siminti don ya sami hanyar shiga shagonsa, ko an gina tudun rage gudu da ya tare ruwa daga gefe zuwa gefe. Waɗannan biyun sun kashe layuka da yawa a garin nan.

Zancen samarin kuwa, wasunsu da niyya mai kyau suke yi, amma abin da suke zubawa ne matsalar. Fasasshen bulo yana narkewa ya zama gari. Manyan ɓaraguzan kankare suna fasa taya, wani lokaci da guntun rodi a jikinsu. Ƙasa zalla kuma ruwa ɗaya ke mayar da ita taɓo ya kwashe ta ya zuba a kwata, an gudu ba a tsira ba. In dole sai an cike na wucin gadi, a kwashe ruwan da taɓon tukuna, a zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa, kaɗan-kaɗan, ana dannewa kafin a ƙara wani. Akwai ƙaramin injin dannewa da masu shimfiɗa intalokin, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa, ke bayarwa haya. Dannewar nan ita ce rabin aikin.

Ga yadda faci na gaskiya yake, don ku gane shi in ma'aikata sun zo. Za a yanka kewayen ramin da injin, murabba'i, a shiga har cikin kwalta mai lafiya, bakin ya tsaya a miƙe. A haƙe duk abin da ya ruɓe a ƙasa, a maye shi da sabon dutse, a danne. A share ƙura, wurin ya bushe sarai. A fesa ruwan kwalta a ƙasa da gefe don sabo ya kama tsoho. Sannan a zuba kwalta da zafinta. Daga masana'anta tana fitowa da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, kuma dole rola ta gama aikinta kafin ta huce. Shi ya sa ake lulluɓe tifa da tamfol, shi ya sa kuma ake son aikin dare a Legas, don tifar da ta yi awa huɗu a gosulo kwaltar da ke cikinta ta riga ta mutu. Idan kuka ga an juye kwalta a rami mai ruwa, an take da tayar mota an wuce, wannan ba zai ga ƙarshen wata ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne lokaci. Toshe tsaga da rani, tun tana siririya, shi ne aiki mafi araha a duk harkar hanya, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi, saboda ba a yanka masa ƙyalle, ba a ɗaukar hoto. Sai Yuni ta yi, titi ya fashe, jama'a sun yi kuka, a fito neman busasshiyar rana ana faci cikin yayyafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin wannan aiki.

Ku kuma san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, don titunan Legas masu su uku ne. Manya irin Apapa zuwa Oshodi, Legas zuwa Ibadan da gadar Third Mainland na gwamnatin tarayya ne, kulawarsu tana wuyan ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da aka kafa a 2002. Na jiha akwai hukumar ayyuka ta LSPWC, mai masana'antun kwalta a Ojodu, Imota da Badagry. Ƙananan layuka irin naku galibi na ƙaramar hukuma ne. Ku bi ta ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, ku sa Sarkin Hausawan yankinku da shugabannin kasuwa a ciki, ku rubuta takarda da hotuna, ku riƙe kwafi mai hatimi. Kada ku fasa titi ko ku sa masa kankare ba da izini ba, don kada alheri ya zame muku shari'a. In an ba ku dama kuma kuɗin ya kai, intalokin ya fi dacewa da layi mai damshi, domin in ya lotsa ana iya ɗaga shi a gyara ƙasan a mayar da shi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar sakandare ce. A darasin labarin ƙasa an koya mana ramukan da ke samuwa a kan dutse a cikin kogi, da kuma ramukan da ƙasa ke ruftawa. Shin hanyar samuwarsu ɗaya ce da na titi? Daga wata ɗaliba, Idi-Araba.

AMSA: 'Yata, tambayarki ta faranta mini rai. Ruwa ne a cikin dukkansu, amma kowanne da yadda yake aikinsa.

Na kogi haƙa ne daga sama. Inda kogi ke gudu da ƙarfi a kan shimfiɗaɗɗen dutse, tsakuwa takan faɗa cikin ɗan lotsi, ruwa ya riƙa juya ta a wuri ɗaya. Tana juyawa tana goge dutsen, in ta ƙare wata ta faɗo ta ci gaba. Bayan ɗaruruwa ko dubban shekaru sai a sami rami zagayayye mai santsin ciki, wani har mutum ya shige. In kika je irin wannan kogi da rani kika sa hannu a ramin, sau da yawa za ki tarar da duwatsun da suka yi aikin kwance a ƙasansa, sun yi sumul. Mafi shahara a nahiyarmu suna Afirka ta Kudu, wurin da ake kira Bourke's Luck, inda kogin Treur ya haɗu da kogin Blyde.  

Ruftawar ƙasa kuwa daga ƙasa take cin wuri. A inda akwai farar ƙasa irin wadda ake siminti da ita, ruwan sama yana da ɗan tsami, yana narkar da dutsen sannu a hankali har kogo ya samu, wata rana rufin kogon ya faɗa. Akwai kuma wadda ɗan Adam ke jawowa, ita ce ta shafe mu. A watan Mayun 2010, bayan ruwa mai yawa, ƙasa ta buɗe a tsakiyar birnin Guwatemala ta haɗiye gini mai hawa uku. Masana sun danganta abin da bututun ƙazanta da suka daɗe suna yoyo suna kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin birnin, wadda dama tokar dutse mai aman wuta ce, ba ta da ƙarfi. Legas a kan yashi da laka take, wasu unguwannin ma cike su aka yi. Bututu ko kwalbatin da ya fashe a ƙarƙashin titi yana iya tsotse yashin a ɓoye alhali kwaltar sama tana nan kamar ba komai.

Don haka ki riƙe wannan bambanci, ki gaya wa na gida. Ramin titi na yau da kullum yana da faɗi, ba shi da zurfi sosai, kuma tsaga ce ke riga shi zuwa. Amma in kika ga wuri ya lotsa zagaye ba tare da tsaga mai yawa ba, ko ƙaramin baki wanda in an leƙa cikinsa ya fi bakin faɗi, ko ramin da kullum ake cikawa yana shanye abin da aka zuba, a kewaye shi a hana mota da yara zuwa, a kira hukuma. A ƙasashen sanyi kuma akwai ƙarin dalili da ba mu da shi: ruwan da ya shiga tsaga in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗa tsagar, shi ya sa Ingila da Kanada ma suke fama da ramuka bayan hunturu.

TAMBAYA: Me ya sa ba za a yi duk tituna da kankare ba a huta? Daga wani ɗan kasuwa, Alaba Rago.

AMSA: Alhaji, inda ya dace ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Titin Wharf na Apapa da babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi da kankare aka sake su, kuma daidai ne, don kankare ba ya laushi a rana, gas ba ya narkar da shi, yana jure tirelar da ke tsaye. Ministan ayyuka David Umahi ya matsa a kan haka tun da ya hau a 2023, hanyar bakin teku ta Legas zuwa Kalaba ma da shi ake yin ta. Simintin a gida ake yin sa, man kwalta kuwa galibinsa shigo da shi ake yi, duk da arzikinsa da ke kwance a jihar Ondo. Sai dai kankare yana da tsada a farko, yana son makonni kafin a hau shi, kuma in za a gyara bututu a ƙarƙashinsa aiki ne ja. Shi ma in ruwa ya shiga ta mahaɗarsa ya kwashe ƙasan, karyewa yake yi, gyaransa kuma ya fi na kwalta wuya. Ko da kankare, sai an yi kwata.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina tuƙa Keke Napep a Ojo. Na faɗa ramin da ruwa ya rufe, yanzu tayar gaba ta yi ƙulu a gefe. Mai faci ya ce ba komai. In ci gaba da aiki da ita? Daga wani matashi, Okokomaiko.

AMSA: Ƙanena, cire ta yau. Ƙulun nan yana nufin zaren da ke cikin tayar ya tsinke lokacin da bakin ramin ya matse ta da rim, roba ce kaɗai ke riƙe da iskar. Ba ya facuwa, kuma ba ya sallama kafin ya fashe. Tayar gaba ɗaya gare ka, ga fasinja a baya. Ka sa a duba rim ɗin ko ya lanƙwashe, a duba shokozoba da wuyan keken, musamman in ka ji yana ja gefe ɗaya. In za ka sayi wata, ka nemi lambobi huɗu da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe.

A kan hanya kuma, ka taka birki kafin rami, ka sake shi daidai lokacin da taya za ta shiga. Birki a cikin rami yana tura duk nauyi kan tayar gaba, a nan ake fasa ta. Kada iskar taya ta yi ƙasa, don mara iska ita ta fi saurin matsewa. In ruwa ya rufe titi, ka bar tazara ka bi sawun motar da ke gabanka, kana kallon yadda take tangaɗi. Ka guji gefen titi, don a nan kwata take, wata ba murfi, kuma in ka ga ruwa yana juyawa a wuri ɗaya, rami ne buɗe yake shanye shi. Hanyar da ba ka sani ba da rani, kada ka shige ta cikin ambaliya don kuɗin lodi ɗaya.

Masu tambaya kan tsagewar bangon gida da lotsewar daɓe, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.